Tarihin Diyyar Rauni a Ƙasar Gwandu, Daga Zamanin Fatake Zuwa Zamanin Mota

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san garin Aliero da abu biyu, watau albasa da ɗori. Tun kaka da kakanni mutane suke ɗauko masu karaya daga nesa su kawo su wurin maɗoran garin. A da, galibin waɗanda ake kawowa ko doki ne ya kayar da su, ko sun faɗo daga bisa itace, ko katanga ta rushe musu. Yanzu kuwa mafi yawansu babur ne da mota, sai kuma inji. Maɗori yakan gyara ƙashi, amma akwai abin da ba ya cikin aikinsa. Mutumin da ya kwanta wata uku ba noma ba kasuwa, wa zai ci da iyalinsa? In ƙafar ta warke a gurguje, ko mai raunin ya rasu, wa zai ɗauki nauyin 'ya'yansa? Wannan tambaya tsohuwa ce, kuma kowane zamani ya ba da tasa amsa. Abin da za mu bi ke nan a wannan babi, domin mai karatu na Jega, ko Maiyama, ko Fagada, ya san asalin haƙƙin da yake da shi yau.

Zamanin Fatake

Garin Jega, Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ne ya kafa shi a bakin gulbin Zamfara, wajen shekarar 1820. Ba a daɗe ba kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a nan, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro. Inda jama'a da dabbobi suka taru haka, lalle ba a rasa tsautsayi. Doki ya taka yaro, ko takarkari ya soki mai talla, ko faɗa ya tashi a zango wani ya rasa haƙori.

Ƙasar tana ƙarƙashin Gwandu, wadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe tun da Shehu ya raba aikin mulki a 1812. Shi Malam Abdullahi masanin shari'a ne ƙwarai, har ya wallafa littafin Diya'ul Hukkami don shiryar da sarakuna da alƙalai. Alƙalan ƙasar suna hukunci bisa mazhabar Malikiyya, suna duba Risala da Muhtasar na Halilu. A cikin waɗannan littattafai an yanka wa rai da kowace gaɓa ta jiki abin da za a biya, shi ne ake kira diyya.

Diyyar ran namiji Musulmi ɗa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya rabin wannan ne, haka ƙafa ɗaya, haka ido ɗaya na mai ido biyu. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori raƙuma 5. Rotsin da ya tone har ƙashin kai ya bayyana raƙuma 5, sukan da ya huda har cikin ciki kuwa sulusin diyya. Raunin da ba a yanka masa adadi ba, alƙali ne yake kimanta shi gwargwadon naƙasar da ya bari. Kuma ba a yanke hukuncin rauni sai an jira ya warke, don a ga inda ya tsaya. Ku riƙe wannan ƙa'ida ta jira, za mu komo kanta a ƙarshe.

Mai karatu zai ce, ina talaka zai sami raƙuma 100? To, shari'a ba ta ɗora masa shi kaɗai ba. In kisan kuskure ne, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne suke tara diyyar, a biya cikin shekara uku. Haka kuma raunin kuskure in ya kai sulusin diyya. Abin da bai kai sulusi ba, shi mai laifin yake biya daga dukiyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an duba da kyau, wannan ita ce inshorar mutanen da, sai dai dangi ne kamfaninta.

Har wa yau shari'a ta yi maganar dabbobi. Wanda yake bisa dabba, da wanda yake janta, da wanda yake kora ta, kowannensu yana lamunin abin da ta taka. Ashe tun kafin a ƙera mota an san cewa mai tuƙi yana da alhakin abin da ya take.

Amma akwai wurin da wannan tsari bai kai ba. Diyya tana bin wanda ya yi ɓarna ne. In an ɗauki mutum haƙar rijiya, ko haƙar ma'adini, ƙasa ta rufta masa ba da aikin kowa ba, to, ba a bin mai rijiyar diyya. A zamanin da yawancin aiki na gandu ne, wannan bai zama babbar damuwa ba, domin wanda ya naƙasa yana cikin gidansu, rumbun gidan kuma nasa ne. Da zamani ya juya, mutum ya bar gida ya tafi sayar da ƙarfinsa ga baƙo, sai wannan giɓi ya fito fili.

Yadda Turawa Suka Fara Tasu Dokar

Su ma Turawa sun sha wannan wahala a ƙasarsu. Sa'ad da masaƙu da ramukan kwal da jiragen ƙasa suka yawaita a Ingila, inji ya riƙa cin hannuwan mutane ba adadi. Lebura ba ya samun kome sai ya kai ƙara ya tabbatar da cewa sakacin maigidansa ne. Maigidan kuwa yana da ƙofa uku ta fita. Ko ya ce abokin aikin leburan ne ya yi kuskuren, ko ya ce shi leburan ma yana da nasa sakaci, ko ya ce ai ya san aikin da haɗari ya kuma yarda ya shiga. Da wuya talaka ya tsallake ukun nan duka.

Jamus ce ta fara gyara, a 1884, zamanin wazirinta Bismarck. Aka tilasta wa masu masana'antu su riƙa zuba kuɗi a asusu, wanda ya ji rauni a bakin aiki a biya shi daga ciki, ba sai an nemi mai laifi ba. Ingila ta yi tata dokar a 1897, ta faɗaɗa ta a 1906. A 1919 aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ke da mazauni a Janeba, ita kuma a 1925 ta tsara yarjejeniya a kan diyyar haɗarin aiki. Hujjar dokokin nan duka ɗaya ce. Mai masana'anta yakan sa kuɗin gyaran inji cikin lissafinsa, saboda haka ya kamata ya sa kuɗin raunin wanda ke juya injin.

Zamanin En'e

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwandu ma ta shiga hannunsu a wannan shekara. Ba su rushe kotunan alƙalai ba, suka bar su ƙarƙashin En'e, diyya kuma ta ci gaba tsakanin talakawa kamar da. Abin da ya sake shi ne irin aikin da mutane suke yi. Aka ɗora haraji na kuɗi, samari suka fara fita cin rani don su samo shi. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911. Haƙar kuza ta bunƙasa a Jos, haƙar kwal a Inugu, sa'an nan bayan 1930 aka yi ta neman zinariya a ƙasar Yawuri da Zamfara. Mutanen lardin Sakkwato suna cikin waɗanda suka cika waɗannan wurare.

Shekaru da yawa leburan da rami ya danne, ko tarago ya murƙushe, ba shi da wata doka ta musamman da zai dogara da ita. In kamfani ya ga dama ya ba shi 'yan sulalla ya sallame shi, ya komo gida a kan sanda. Alƙalin garinsu ba shi da iko a kan Baturen kamfani, kotun Turawa kuwa tana nesa, da Turanci ake magana a cikinta, lauya kuma sai mai kuɗi.

Sai a 1941 gwamnati ta kafa dokar diyyar ma'aikata ta farko a Nijeriya, ta fara aiki a 1942. A wannan shekara ce kuma aka buɗe Ma'aikatar Ƙwadago. Dokar ta ɗauko tsarin Ingila: ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, maigidansa zai biya shi kuɗi dunƙule, ana lissafi da albashinsa na wata. Amma ba ta game kowa ba, kuma ta zo a mugun lokaci. Daga 1942 zuwa 1944, saboda Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta riƙa ɗibar mutane da tilas daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, abin da talakawa suka sa wa suna diban gwamna. Dubban magidanta aka kwasa. Sanyin Jos da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa, waɗansu suka gudu. Mutumin da aka ɗauko da tilas, bai iya karatu ba, bai san sunan kamfanin da yake yi wa aiki ba, ina zai san akwai wata takarda a Ikko da ta ba shi haƙƙi?

Ma'aikata ba su sami gyara a sauƙaƙe ba. A 1945 suka yi babban yajin aiki na fiye da kwana 40, Michael Imoudu yana cikin shugabanninsa. Ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe mahaƙan kwal 21 a ramin Iva da ke Inugu, abin da ya girgiza ƙasar duka. A 1955 aka yi dokar masana'antu, wadda ta ce a killace inji mai haɗari, a kuma ba da rahoton haɗarin da ya auku.

A wannan zamani ne kuma mota ta ƙwace aikin jaki. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Jega ta nufi Koko da Yawuri ta cika da manyan motoci. Gwamnati ta yi doka a 1945, wadda ta fara aiki a 1950, cewa kada mota ta hau hanya sai da inshorar da za ta biya wanda motar ta kashe ko ta ji wa rauni. A 1956 kuma Jihar Arewa ta yi dokar da ta ba iyalin wanda aka kashe da sakaci ikon neman diyya a kotu. Dokar ta ce in mamacin Musulmi ne, waɗanda suke da rabo a diyyarsa bisa shari'a su ne masu wannan haƙƙi. A nan tsohon tsari da sabo suka haɗu a takarda ɗaya.

Bayan Mulkin Kai

Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, amma dokar 1941 ta zauna, da 'yan gyare-gyare, har 1987. A wannan shekara gwamnatin soja ta sake ta. Sabuwar ta ce in ma'aikaci ya mutu a bakin aiki a ba iyalinsa albashinsa na wata 42, in kuwa ya naƙasa gaba ɗaya a ba shi na wata 54. Aibinta biyu ne. Na farko, kuɗin daga aljihun maigida yake fitowa, ko daga inshorarsa, saboda haka in ya ƙi, ko ya karye, sai shari'a mai tsawo. Na biyu, kuɗi dunƙule ba ya jimawa. Albashin wata 42 shekara uku da rabi ne kawai, maraya kuwa ba ya girma cikin shekara uku da rabi.

Tun kafin wannan an lura cewa doka ba ta amfanin wanda ba shi da mai tsaya masa. Don haka a 1976 aka kafa Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa, wadda take ba talaka lauya kyauta. Da fari shari'un laifi kaɗai take shiga, daga baya aka ƙara mata neman diyyar haɗari. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a kan hanyoyi. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ofisoshin da a da sai an je Sakkwato suka matso Birnin Kebbi. A shekarar 2000 kuma jihar ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, maganar ƙisasi da diyya ta sake shiga littafin dokokinta. Masu lissafin diyya na yanzu da zinariya suke yi, dinari ɗaya giram 4.25, watau cikakkiyar diyya kilo huɗu da kwata ke nan.

Dokar da Ake Aiki da Ita Yanzu

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar diyyar ma'aikata da ake aiki da ita yau. Wannan ta koma ga tsarin asusu irin na Jamus. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya kowane wata a asusun da hukumar NSITF take riƙe. An hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci, an kuma hana ma'aikaci yin alkawarin yafe haƙƙinsa. Ba a tambayar laifin wa. Dokar ta haɗa da rauni a wurin aiki, da haɗari a hanya tsakanin gida da wurin aiki, da cutar da aikin ya jawo. Ta game ma'aikacin gwamnati da na kamfani, da na wucin gadi, da mai koyon sana'a, ban da soja. Maimakon kuɗi dunƙule, wata-wata ake biya. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya yana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa, haka matar da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta ƙasa.

Dokar tana da wa'adi, nan ne kuwa mutane da yawa suke faɗuwa. Mai rauni, ko iyalinsa in ya rasu, su sanar da maigidan aikin cikin kwana 14. Shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara ɗaya. A 2011 aka sabunta dokar Hukumar Taimakon Shari'a, aka ambaci neman diyyar haɗari da ta ma'aikata a cikin aikinta, ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba.

To, amma a faɗi gaskiya. Yawancin masu aikin ƙarfi a Jega da Aliero da Maiyama ba su cikin littafin kowace hukuma. 'Yan dakon da ke loda buhunan albasa, da yaran mota, da masu injin niƙa da na casar shinkafa, da leburorin gini, da 'yan kabu-kabu, da baki ake ɗaukarsu, da baki ake sallamarsu. Motoci da yawa kuma takardar inshorarsu ta jabu ce, an saya don a nuna wa ɗan sanda kawai. Saboda haka in tsautsayi ya auku, har yanzu zaure ake komawa, a gaban mai unguwa ko hakimi ko liman, a yi sulhu.

Sulhu alheri ne, yafiya kuma abin yabo ce. Sai dai akwai kuskure biyu da ake yawan yi. Na ɗaya, a yi sulhu tun mai rauni yana kwance, a karɓi kuɗin magani a ce an gama, bayan wata shida a tarar hannun ya shanye. Malaman da sun hana wannan gaggawa, shi ya sa suka ce a jira rauni ya warke. Na biyu, mutum ya mutu ya bar ƙananan yara, wani babba a dangi ya miƙe a wurin zaman makoki ya ce, "Mun yafe, ƙaddara ce." Lalle ƙaddara ce, amma diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Baligi yana da ikon yafe rabonsa. Rabon maraya kuwa ba na kawu ba ne balle ya yi kyauta da shi.

Aikin Wanda Ya Iya Karatu

Ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, kun ga abin da ya cuci mutanen diban gwamna. Doka tana nan, su ne ba su da mai karanta musu. Yau a kowane ƙauye akwai mai riƙe alƙalami, saboda haka in haɗari ya sami wani naku, ga abin da ya kamata. A rubuta rana da wuri da lambar mota, da sunayen waɗanda suka gani da idonsu. A sanar da 'yan sanda ko ma'aikatan kiyaye haɗurra, domin rahotonsu shaida ne. Ko da za a kai mai karaya wurin maɗori, a fara biyawa asibiti a sami takardar likita da hoton ƙashi, gama hukuma da kamfanin inshora da takarda suke aiki. A adana rasiɗin kowane magani. A sanar da maigidan aiki a rubuce, a riƙe kwafi. Kada a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba. In abin ya fi ƙarfinku, ku nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a a Birnin Kebbi, matambayi ba ya ɓata. In kuwa sulhu aka zaɓa, a rubuta shi a gaban shaidu, a fitar da rabon yara daban.

Wanda kuma yake da ma'aikata, ko da biyar ne, ya rubuta su a hukuma ya riƙa biyan kashi ɗayan nan, mai mota ya sayi inshora ta gaskiya. Kakanninmu na zamanin Buhari sun san nauyin rai ya fi ƙarfin mutum ɗaya, suka raba shi a kan dangi. Dangin yanzu sun watsu, wani yana Ikko, wani yana Kwatano, asusun nan shi ne ya tsaya a matsayinsu. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.